Burodin Darlene a Majalisar Jiha

Shekara goma sha tara Darlene Hovland ta yi a bayan taga ɗaya, a ofishin rumbun hatsi na Tilden Creek, tana auna masarar manoma da waken soya. Abu biyu aka san ta da su a garin: ma'auninta ba ya ƙarya, burodinta kuma ba ya kwana. Siyasa ba ta cikin lissafinta. In zaɓe ya zo takan tambayi mijinta Orville wa zai zaɓa, ya ce bai yanke ba tukuna, su tafi tare kowa ya shiga bayan labulensa, su dawo gida ba wanda ya tambayi wani.

A watan Yunin 1982, wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, Maxine Dorsett ta tare matan zumunta a ƙofar coci. Maxine ce shugabarsu, matar dattijon ikilisiya, mace mai murmushi wadda ba a taɓa jin wani ya ce mata a'a ba. Ta ce ranar Talata majalisar jiha za ta kaɗa ƙuri'a a kan gyaran tsarin mulkin ƙasar nan da ake ta rigima a kansa shekara goma, na daidaita mata da maza. Wa'adinsa zai cika ƙarshen wata, in isassun jihohi ba su amince ba ya mutu, kuma idon ƙasa duka yana kan jiharsu ta Illinois. Ta ɗauko hayar bas. Kowace za ta sa jan kaya, kowace za ta gasa burodi a kai wa 'yan majalisa, don su tuna akwai matan da suke gidajensu kuma ba su yi ƙorafi ba.

Wata ta tambaya me gyaran zai yi in ya wuce. Maxine ta lissafa da yatsu. Za a riƙa kwashe 'yan mata a kai su fagen yaƙi kamar samari. Bayan gida zai zama ɗaya, maza da mata. Miji zai iya naɗe hannu ya ce ciyar da iyali ba dolensa ba ne. Na huɗun sai da ta rage murya: mace za ta auri mace, namiji ya auri namiji, gwamnati ta buga musu hatimi.

“Ke kuwa 'yar'uwa Darlene,” in ji ta, “naki mai zuman nan za ki yi. Guda shida. Naki ne zai shiga ofishin ɗan majalisarmu Wendell.”

Darlene ta ce to. Sai da ta shiga mota ta tuna ita ba matar gida ba ce, kullum ƙarfe bakwai tana bakin aiki. Ta kuma tuna ranar Kirsimeti, lokacin da 'yarta Rhonda ta zo daga Chicago inda take aikin jinya. Suna wanke kwanuka Rhonda ta ce mata, wannan gyaran ai don irinki ake yinsa, Mama. Ta kawo zancen Craig, yaron da Darlene ta koya wa riƙe ma'auni shekara shida da suka wuce, wanda yanzu shi ne manaja, kuma har yau in lissafin danshin masara ya rikice masa ita yake kira a ɓoye. A ranar Darlene cewa ta yi Craig yana da mata da 'ya'ya biyu. Rhonda ta ce, ke kuma ba ki da kowa ko? Maganar ta tsaya nan don kaskon tanda ya zame ya faɗi.

A hanyar gida ta tambayi Orville ra'ayinsa. Idonsa na kan titi ya ce shi dai bai taɓa jin doka ta hana mutum lalaci ba, bai kuma taɓa jin ta sa shi ba. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce ya sani, amma ita ke gare shi.

Jar rigar da take da ita tun bikin ƙanwarta ce, ta koɗe ta koma wani launi tsakanin ja da ruwan ƙasa, ta kuma matse ta a hammata. Ita ta sa. Suka kama hanya da sassafe, mata talatin da ɗaya da kwanduna a cinya, suna rera waƙoƙin coci. Ƙamshin burodi ya cika bas har direba ya roƙi a gutsura masa.

Darlene ba ta taɓa shiga ginin majalisa ba. Zafi ake yi, zauren tsakiya kuwa ya cika maƙil, hayaniya tana hawa sama ta bugi kubba ta dawo. Gefe guda jajaye masu ƙin gyaran, gefe guda masu kore da fari da ke son sa, kowane ɓangare da allunansa. Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne duk mata ne. A ranta ta zaci za ta tarar da mata a nan, maza a can. Sai ga tsofaffi masu furfura a cikin korayen, har da wasu sistocin Katolika, ga kuma 'yan mata masu wando a cikin jajayen. In aka cire launin riga ba za ta iya ware su ba.

Ta ce wa Maxine za ta kewaya. Da ta fito ta bi ƙofar da ta zaci ta nan ta shigo, ashe wata ce. Ta waiga ba ja ko ɗaya. Ta rungume kwandonta tana ratsa korayen tana cewa ku gafarce ni, har ta ɓullo wani fili da mutane suka bari. Mata 'yan kaɗan ne zaune a kujeru cikin fararen kaya, sun rame, idanunsu sun faɗa. Ta tsaya tana kallonsu, ta zaci marasa lafiya ne aka kawo daga asibiti.

Wata mata mai kula da su ta matso, ta taɓa mata gwiwar hannu, ta ce a hankali: “Baiwar Allah, don Allah ki ɗan matsa da kwandon. Sun fi wata ba su ci komai ba, don gyaran nan. Ƙamshin yana wahalar da su.”

Kunya ta rufe Darlene har cikin kunnuwa. Ta ja tawul ta ƙara lulluɓe burodin, kamar hakan zai hana shi ƙamshi, ta juya da sauri. A juyawar ne ta hango Rhonda.

Tana tsaye a jikin ginshiƙi da koren ƙyalle a kafaɗa. Kusa da ita Paulette ce, ƙawarta da suke haya tare shekara huɗu, doguwa mai gajeren gashi, wadda ta taɓa zuwa Tilden Creek ta cinye kwano biyu na miyar wake ta yi ta yabo. Darlene ta ɗaga hannu za ta kira su, sai hannun ya tsaya a sama. Paulette ce take share wa Rhonda zufa a wuya da hankici. Ta gama, ta mai da wani silin gashi bayan kunnenta, ta bar yatsunta a wurin na ɗan lokaci. Rhonda ba ta ko dube ta ba, ta dai jingina kai kaɗan. Ba wani abu ba ne. Darlene ta sha yi wa ƙawaye fiye da haka. Amma ta san irin wannan taɓawar, kuma ta san ba a gidan haya ake koyonta ba.

Rhonda ta ɗago ido ta gan ta. Ta dubi rigar, ta dubi kwandon.

“Mama, me kike yi a nan?”

“Burodi na kawo.”

“Wa kika kawo wa?”

“Wendell Pruitt. Maxine ce ta ce.”

Paulette ta gaishe ta da ladabi, ta ce Mama Hovland sannu da hanya, rigar ta yi miki kyau. Rhonda ta ce ba ta yi ba, kuma Paulette ma ta san ba ta yi ba. Ta zaro wata 'yar takarda daga jaka ta danƙa wa uwar, ta ce tunda har kin shigo mota kin zo ki yaƙi abu, ki karanta shi tukuna.

Darlene ta ajiye kwandon tsakanin ƙafafunta ta nemo tabarau. Babbar maganar layi biyu ce kacal: kada gwamnatin tarayya ko ta wata jiha ta tauye wa mutum daidaiton haƙƙi a gaban doka don shi namiji ne ko mace. Sai wasu gajerun layuka a ƙasa kan wanda zai zartar da ranar farawa. Ta juya bayan takardar. Fari fat.

“Ina sauran?”

“Shi ke nan.”

“Ina maganar yaƙi? Da bayan gida?”

Rhonda ta ce babu su. Ta ce su Maxine suna faɗin abin da suke tsoron alƙalai za su ciro daga ciki ne, su kuma suna faɗin abin da suke fata, amma rubutun dai ga shi nan a hannunta. Darlene ta sake karantawa da yatsa. Ta ga ba ta da abin ƙi a ciki, ta kuma ga ba ta ga sunan Craig ko tagarta a ciki ba. Ta rasa yadda layi biyu suka hana mutane cin abinci wata guda, suka kuma fitar da mata talatin da ɗaya daga gida da asuba.

“To maganar mace ta auri mace fa?” Bakinta ne ya riga ta.

Paulette ta ce bari ta nemo musu ruwa, ta shige cikin jama'a. Rhonda ta bi ta da ido har ta ɓace.

“Ita ma ba ta ciki, Mama. Shugabanninmu kullum rantsuwa suke ba ta ciki, har sun roƙi irinmu mu riƙa tsayawa a baya in 'yan jarida sun zo.” Ta juyo ta dubi uwarta. “Amma da tana ciki, da ni ban yi baƙin ciki ba.”

“Irinku su wa?”

“Kin tuna ɗakin da kika kwana da kika zo bara, wanda na ce nawa ne? Keken ɗinki ne ke kwana a ciki. Mun kwashe kwalaye ne ranar da za ki zo.”

Darlene ta tuna ɗakin. Ta tuna ta buɗe durowa neman tawul ta tarar ba komai sai zare da almakashi, ta ce a ranta yarinyar nan ba ta da kaya, har ta aika mata da zannuwan gado bayan ta koma. Ta nemi fushi a cikin ƙirjinta, don ta san fushi ya kamata ta ji, ko kuka, amma abin da ta tarar kamar ta tako matakala ta ƙarshe ne a duhu ashe babu ita. Kalmar da Maxine ta rage murya kafin ta faɗa tana yawo a kanta, ta ƙi zama a kan fuskar da ke gabanta, fuskar da ke da tabon keke a haɓa tun tana 'yar shekara bakwai.

“Kin ci abinci yau?” in ji Darlene.

Rhonda ta yi wata 'yar dariya da ba ta dariya ba ce, idanunta suka ciko. Kafin ta amsa sai ga jar hula tana keta korayen. Maxine ce, tana haki, ta ce sun nemi Darlene har waje. Ta ga Rhonda, ta ce a'a, 'yata, ke ce, Allah ya yi miki albarka. Idonta ya sauka kan koren ƙyallen ya tashi. Ta kama Darlene a wuyan hannu ta ce Wendell ya ba su minti biyar.

Wendell Pruitt dillalin taraktoci ne kafin ya shiga majalisa, kuma Darlene ta auna masarar ubansa shekara da shekaru. Ofishinsa ɗan ƙarami ne. Burodi ya cika teburin, ya hau kujera, ya hau kan kabad, a tsakaninsa kuma ga tulin katuna masu koren rubutu. Ya kwance ɗamarar wuya, rigarsa ta jiƙe. Ya saurari Maxine tana jawabin da ta haddace yana gyaɗa kai, ya karɓi burodin ya rasa inda zai sa, ya riƙe shi a ƙirji kamar jariri. Ya ce matarsa ta yi rantsuwar ba za ta ƙara yi masa magana ba in ya ƙi gyaran, uwarsa kuma ta ce kada ya zo jana'izarta in ya yarda da shi.

Sai ya juyo. “Ke fa Darlene? Babana yakan ce in kin ce buhu ɗari ne, ba ya sake ƙirgawa. Me kika gani?”

Maxine ta ce ai rigarta ta ba da amsa. Wendell ya ce ya ga rigar, bakin yake son ji.

Darlene ta tambaye shi, in gyaran ya wuce, za a ba mace kujerar manaja in ita ta fi iya aikin? Ya ce akwai dokar da ta riga ta ce haka, bin ta ne ba a cika yi ba, kuma bai san ko wannan zai canza ba. Ta tambaya ko za a kai 'yan mata yaƙi. Ya ce lauyoyi biyu ya tambaya, ɗaya ya ce tabbas, ɗaya ya ce har abada. Akwai tambaya ta uku a bakinta. Ta dubi Maxine, ta haɗiye ta.

“To ni ban sani ba, Wendell,” ta ce. “Da safe na zaci na sani kaɗan. Ba ni da ma'aunin wannan.”

Ya ce shi ma haka, bambancin dai shi dole ya danna maɓalli. A waje Maxine ta ce mata ba komai, zafi ne, kowa yana rikicewa.

Da rana suka sami wuri a benen 'yan kallo. Maza ne mafi yawa a ƙasa, suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna magana a kan mata. Wani ya ce yana ƙin gyaran saboda 'ya'yansa mata uku. Wanda ya biyo shi ya ce yana son sa saboda 'ya'yansa mata uku. Darlene ta daina saurare, ta koma neman Rhonda a ɗaya gefen benen, ta same ta a layi na biyu. Da aka zo ƙuri'a, fitilu suka kama a babban allo, kore da ja. Koren ya fi yawa, Darlene ta ce a ranta shi ke nan korayen sun ci. Sai ta ji jajayen da ke kewaye da ita sun fashe da murna. Matar da ke gefenta ta bayyana mata cewa rinjaye kawai bai isa ba, sai kashi uku cikin biyar, kuma ƙuri'u kaɗan suka rage. Wato waɗanda suka fi yawa su suka faɗi. Ta nemi sunan Pruitt a allon, kafin ta gano shi Maxine ta rungume ta tana cewa mun tsare gidajenmu, mun tsare 'ya'yanmu.

Ta saman kafaɗar Maxine ta ga Rhonda ta sunkuyar da kai cikin tafukanta. Paulette tana zaune kusa da ita, hannayenta biyu a kan gwiwoyinta, ba ta taɓa ta ba, don akwai mai kyamara a gabansu. Wannan ya fi komai tsaya wa Darlene a rai, kuma ba ta san dalili ba, tunda da safe taɓawar ce ta tayar mata da hankali.

Ba ta sami ganinsu ba kafin bas ta tashi. A hanya ana ta waƙa. Maxine ta dawo kusa da ita ta zauna, ta dafa mata hannu, ta ce ta ga Rhonda da wannan ɗin, kuma ba sai an yi dogon bayani ba, za ta sa ta a addu'ar ranar Laraba ba tare da ta ambaci suna ba.

“Paulette sunanta,” in ji Darlene, da murya mai kaifin da ita kanta ba ta zata ba. “A ɗakin jarirai na asibiti take aiki.”

Maxine ta ce to, Allah ya kyauta, ba ta janye hannunta ba. Darlene ma ba ta janye nata ba. Wannan matar ce ta kwana uku a asibiti tare da ita lokacin da tarakta ta danne Orville.

Rana ba ta faɗi ba suka iso. Orville yana baranda yana gyara tiyon ban ruwa. Ya ce ya ji a rediyo ɓangarensu ya ci. Ta ce ba ta san ɓangarenta ba. Ta zauna a matakala ta cire takalmi, ta ba shi labari tun daga matan da ba su ci abinci ba har zuwa ɗakin keken ɗinki. Ya ci gaba da naɗa waya a bakin tiyo har ta gama.

Ya ce ya sani. Tun zuwan da Rhonda da Paulette suka yi shekara biyu baya, da motarsu ta mutu a gaban rumbu, ya ji yadda suke faɗa a kan wa ya manta da duba mai. Ya ce 'yan haya ba sa irin wannan faɗan.

“Shekara biyu, Orville? Ka kuma bar ni na sa jar riga na tafi?”

“Na ɗauka kin riga ni sani, kina jira ne in kamo ki.”

“To me za mu yi?”

Ya ce bai sani ba. Ya ce a coci an gaya masa abu ɗaya, ya yarda da shi shekara hamsin, har gobe bai ce ƙarya ba ne. Amma Paulette ɗin ta iya canza taya, kuma tana sa Rhonda dariya, wadda tun tana sakandare bai ji ta yi irinta ba. Ya ce abubuwan biyu suna cikin kansa, ba wanda ya kori wani.

Wa'adin gyaran ya cika a ƙarshen wata, ya mutu. Darlene ta ci gaba da zuwa zumunta, ranar Laraba kuwa in aka zo addu'a ga wata 'yar ikilisiya da ta ɓata hanya a birni, takan rufe ido tare da kowa, ba ta ce amin ba, ba ta kuma tashi ta fita ba. Sau biyu a watan Yuli ta juya lambar Chicago ta ajiye kafin a ɗauka.

A na ukun, wata Asabar da hantsi, aka ɗauka tun bugun farko. Paulette ce. Ta ce Rhonda tana aikin safe, sai ƙarfe uku. Darlene ta rasa da me za ta kira ta, don haka ba ta kira ta da komai ba. Ta tambaya ko zafi ya yi yawa a can. Paulette ta ce ya yi, fankarsu ma ta lalace. Darlene ta ce tumatir ɗinta ya yi tsutsa bana. Paulette ta ce kakarta a Kentucky toka take barbaɗawa, suka ɗan daɗe a kan wannan, har Darlene ta nemo fensir ta rubuta.

Da Paulette ta tambaya ko akwai saƙo, Darlene ta buɗe baki ta tarar ba ta shirya ko ɗaya ba. Ta ce a gaya wa Rhonda babanta ya sayar da tsohuwar akori-kurar, kuma masara za ta nuna da wuri, ƙila tsakiyar Satumba a fara girbi, in suna da hutu. Sai da ta ajiye wayar ta lura “suna” ta ce, ba “tana” ba. Ta tsaya a kicin tana tunanin ko ta sake bugawa ta gyara, amma ba ta san abin da za ta sa a madadinsa ba. Ƙarfe uku da kwata wayar ta yi ƙara, ta goge hannu a jikin riga ta je ta ɗauka.